Sarkin Musulmi Muhammadu Bello Da Darasin Cin Gumin Kai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, filin na wannan mako zai waiwayi rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙan su da rahama. Jama'a sun san shi a matsayin jarumi a fagen fama, kuma malami mai yawan wallafa. Amma akwai wata ɗabi'a tasa wadda ba a cika ambatonta ba, alhali kuwa ita ce mutanen wannan zamani suka fi bukatar ji, watau yadda ya ɗora wa kansa neman abin da zai ci da hannunsa, ya kame daga dukiyar jama'a, sa'an nan ya mai da wannan ɗabi'a ta zama tsarin mulki.

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1781 ta Miladiyya. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, inda mahaifinsa ya zauna yana karantarwa, ɗalibai suna tahowa daga ko'ina. Gidan da ya buɗe ido a ciki gida ne na littafi da alƙalami, maza da mata kowa yana karatu. Ya ɗauki tafsiri da hadisi da tasawwufi a wurin mahaifinsa, ya kuma ɗauki nahawu da lugga da balaga da sauran fannonin Larabci a wurin baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Allah ya hore masa kaifin basira da ƙarfin hadda, har ya zama tun yana saurayi ana sanya shi cikin waɗanda Shehu yake aika wa da wasiƙu da muhimman saƙonni.

Ban da karatu, akwai wani darasi da yaron ya gani da idonsa a Ɗegel. Sananne ne a tarihi cewa Shehu bai yarda ya zama ɗan fadar sarakunan Gobir ba, kuma an ruwaito cewa yana tufkar igiya, abin da aka samu a yi cefane da shi. A taron Idi na Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya miƙa wa malamai kyauta mai yawa, Shehu ya ƙi karɓa, maimakon haka ya nemi a sakar masa hanyar wa'azi, a kuma sassauta wa talakawa. Wanda ya girma yana jin irin wannan labari a cikin gidansu, ba sai an zaunar da shi an gaya masa cewa malamin da ba ya jiran tuwon fada shi ne ke iya faɗa wa fada gaskiya ba.

A watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, lokacin Bello yana da kimanin shekara 23. A watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'a suka yi nasara a kan rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Bayan nan aka sha wuya ƙwarai, ga asarar ɗimbin mahaddata a Tsuntsuwa, ga yunwa, ga ciwo, ga mummunan karo a Alwasa cikin 1805. Haka aka yi ta fama har Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Bello kuwa yana cikin manyan jagororin wannan yaƙi. A 1809 ya fara gina birnin Sakkwato.

A cikin waɗannan shekaru na ƙunci ne wata tambaya mai nauyi ta taso: mutanen da suka bar gonakinsu da dabbobinsu suka yi hijira, da me za su rayu? Alhaji Sa'idu, wanda ya zauna a Sakkwato ya kuma rubuta tarihin sarakunan Musulmi na farko, ya ruwaito cewa tun a farkon jihadi Bello ya nuna wa mahaifinsa cewa hanyoyin samun halas sun ƙuntata, don haka babu laifi shi Shehu ya ɗauki gwargwadon lalura daga dukiyar jama'a, tunda ɗawainiyar jama'a ta hana shi nema. Amma shi Bello, tunda yana da ƙuruciya da ƙarfi, sai ya zaɓi ya koyi sana'a ya ci da kansa. Marubucin ya ƙara da cewa bai bar wannan hali ba ko da ya hau gadon mulki: daga abin da ya nema da kansa yake ciyarwa, ba ya taɓa baitulmali don bukatar kansa.

Ya kamata mai karatu ya lura da cewa shari'a ba ta hana shugaba cin albashi daga baitulmali ba. Sahabbai da kansu suka yanka wa Halifa Abubakar Siddiku abin da zai ishe shi, domin ya bar kasuwa ya fuskanci al'amuran Musulmi. Bello ya san wannan sarai, shi ya sa bai ga laifin mahaifinsa ba, bai kuma wajabta wa kowa abin da ya ɗora wa kansa ba. Ya dai ga wani abu ne da Bahaushe ya dunƙule a cikin karin magana, cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shugaban da cikinsa yake rataye da dukiyar jama'a, ko da hannun attajirai, da wuya ya iya tsawata wa mai kula da dukiyar idan ya karkace. Shi Alhaji Sa'idu ɗin ya shaida cewa Bello yana bin diddigin hukunce-hukuncen alƙalai, yana rushe wanda aka gina a kan son zuciya. Wanda hannunsa yake da tsabta ne ke iya wannan ba tare da an nuna shi da yatsa ba.

A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar ƙasa, ya danƙa yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas kuwa ga ɗansa Bello. A shekarar ce kuma Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har yau ya zama babbar madogara ga masu binciken tarihin jihadi, wanda a cikinsa ya kawo wasiƙun muhawarar da aka yi da Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi na Barno. Da Allah ya yi wa Shehu rasuwa a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Bai sami sarauta a shimfiɗe ba. Nan da nan Abdussalami ya yi tawaye a Kware, wurare da dama a Zamfara da Kabi da Gobir suka juya baya, tsakaninsa da baffansa kuma aka sami 'yar tsamin dangantaka, wadda ba ta warware ba sai a Kalambaina, inda Bello ya kai masa ɗauki, shi kuma Malam Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Da irin wannan hali, da ya ce yaƙi ya hana shi tunanin noma da kasuwa, da ba wanda zai zarge shi. Amma a farkon shekarun sarautar nan ne ya zauna ya rubuta ɗan littafinsa a kan hukunce-hukuncen neman abinci, mai suna Tanbihus Sahibi ala Ahkamil Makasibi.

Salon Bello a irin waɗannan ƙananan littattafai shi ne salon ma'abota hikima: ya kawo aya, ya kawo hadisi, ya biyo da gajerun maganganun magabata waɗanda ɗalibi zai iya riƙewa a ka, sa'an nan ya fitar da hukunci. Malaman Musulunci sun daɗe da gane cewa doguwar hujja takan tsaya a cikin littafi, amma gajeriyar magana mai ma'ana ita ce ke bin mutum har gona da kasuwa. Manufar littafin ita ce kwaɗaitar da Musulmi ga sana'a, da nuna munin zaman banza da roƙo ga mai lafiya. Asalin wannan kuwa yana cikin ingantattun hadisai. Buhari ya ruwaito ma'anar cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda, duk da mulkin da Allah ya ba shi, daga aikin hannunsa yake ci. Ya kuma ruwaito ma'anar cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar, ya fi masa alheri bisa ga ya bi mutane yana roƙo, ko su ba shi ko su hana shi.

Bello ba shi ne ya fara buɗe wannan babi ba. Imamu Muhammadu ɗan Hasan Asshaibani, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu a 189 ta Hijira, ya yi littafi sukutum a kan nema, inda ya bayyana cewa neman abin da mutum zai tsai da rayuwarsa, ya ciyar da iyalinsa, ya biya bashinsa, farilla ne, abin da ya ƙaru a kan haka domin taimakon mabukata kuwa abin so ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ma ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini a kan ladubban nema. Abin da ya bambanta Bello da su shi ne, shi sarki ne mai iko, yana rubuta wa jama'ar da ta fito daga shekarun yaƙi, wadda wasu daga cikinta suka fara sabawa da ganima har suka soma raina fartanya. Ya hango cewa daular da mutanenta suka dogara ga abin da za a raba musu ba za ta daɗe a tsaye ba.

A nan wani zai iya tambaya, to ina tawakkali? Ashe ba Allah ne Mai azurtawa ba? Amsar malaman tasawwufi, waɗanda Bello yake cikinsu a matsayinsa na Baƙadire, a fili take. Shehu Ibnu Aɗa'illahi na Iskandariyya, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, ya tara gajerun maganganu a littafinsa Alhikam, wanda malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa. Tun a farkon littafin ya yi gargaɗi ta fuska biyu. Ya nuna cewa kuskure ne bawa ya jingina zuciyarsa ga aikinsa, sa'an nan ya nuna cewa wanda Allah ya tsayar a cikin sana'a, idan ya yi sha'awar watsar da ita da sunan keɓewa ga ibada, to wata ɓoyayyiyar sha'awar rai ce ke jan sa. Ma'ana dai, wurin tawakkali zuciya ce, wurin aiki kuwa gaɓoɓi. Manomi zai yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noma da maimai, alhali ya san ruwan sama ba a hannunsa yake ba. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara.

Mutanen Katsina suna da rabo na musamman a cikin wannan koyarwa. Malam Umarun Dallaje, wanda ya karɓi tuta, ya kuma yi sarautar Katsina daga 1807 zuwa 1835, ya nemi Bello ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙon jama'a. Amsar da ya samu ita ce littafin Usulus Siyasa, inda Bello ya tsara ginshiƙan mulki guda 7. A cikinsu akwai tsoron Allah da guje wa kwaɗayin sarauta, da sauƙin hali, da kusantar malaman kirki, da sa ido a kan ma'aikata. A ginshiƙi na 6 ya ɗora wa sarki nauyin raya masu sana'a waɗanda jama'a ba ta wadatuwa da barinsu, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya kuma ga cewa kowane gari da kowane ƙauye ya sami rabonsa daga cikinsu. Ya umurce shi ya kwaɗaitar da talakawa ga noma abinci da tanadinsa, ya gina garuruwa da gadoji, ya kula da kasuwanni da hanyoyi.

Wannan nasiha ta sauka a ƙasar da ta riga ta san darajar sana'a. Tun kafin jihadi Katsina ta shahara da fatauci da jima da rini, ayarin Sahara suna sauka a cikinta. Babban waliyyinta na ƙarni na 17, Muhammadu Ibnus Sabbagi, da laƙabin sana'a duniya ta san shi, watau Ɗan Marina, kuma wannan bai rage masa komai ba a idon malamai ko sarakuna. Abin da Bello ya ƙara shi ne, ya mai da raya sana'a wajibi a kan mai mulki. A wurinsa, ba ya isa a ce wa talaka ya tashi ya nema, sai an gyara masa hanyar da zai kai kayansa, an tsare masa kasuwar da zai sayar, an kuma hana azzalumi ƙwace abin da ya tara.

Shi da kansa ya aikata abin da ya rubuta. Ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, mafi shahara a cikinsu Wurno, inda ya zaunar da jama'a su yi tsaro, su yi noma, su yi karatu. Ya jawo hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri guda domin 'ya'yansu su sami ilmi, su kuma shiga cikin rayuwar gari. Ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basur, domin jama'a su san abin da za su yi wa kansu. Littattafansa sun haura 100. Baturen Ingila Kilafaton, wanda ya iso Sakkwato a 1824, ya sake dawowa a 1826, ya kuma rasu a can a watan Afrilu na 1827, ya yi mamakin faɗin saninsa. Ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Kiristoci na dā har suka fi ƙarfin saninsa, ya kuma yi murna ƙwarai da kyautar littafin lissafi na Iƙlidisu da aka kawo masa da Larabci.

Masu karatun boko sun san cewa Turawa ma suna da nasu adabi a kan wannan batu. A 1841, shekara 4 bayan rasuwar Bello, wani masani Ba'amurke mai suna Ralf Waldo Emason ya fitar da maƙalarsa a kan dogaro da kai, wadda ya cika da gajerun jumloli masu kama da karin magana. Ya kira mutum ya amince da tunaninsa, ya bar kwaikwayon jama'a ido rufe, kuma a cikin wannan akwai abin ɗauka. Sai dai ya kai matsayin da ya ɗauki al'umma kamar abokiyar gābar ɗaiɗaikun mutane, har ya nuna ƙyashin sadakar da yake bai wa matalautan da yake ganin babu abin da ya haɗa shi da su. A nan ne hanyoyin biyu suka rabu. A wurin Bello, mutum yana neman na kansa ne domin ya tsare mutuncinsa daga roƙo, ya sauke nauyinsa daga wuyan jama'a, ya kuma sami abin da zai fitar da zakka, ya sada zumunci, ya agaza wa gajiyayye. Hausawa sun haɗa ɓangarorin biyu a cikin maganganunsu: sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, sun kuma ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya riƙe ta farko ya saki ta biyu zai zama marowaci mai girman kai, wanda kuma ya riƙe ta biyu kaɗai zai zama cima-zaune.

A 1836 Bello ya jagoranci babban yaƙinsa na ƙarshe a Gawakuke, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Bayan wannan da kaɗan ciwo ya kama shi. Allah ya karɓi ransa a Wurno cikin watan Rajab na 1253, daidai da Oktoba 1837, bayan ya yi shekara 20 yana riƙe da al'amuran Musulmi. A can aka binne shi, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Wazirinsa Giɗaɗo ɗan Laima ya rubuta littafi a kan halayensa, 'yar'uwarsa Nana Asma'u kuma ta yi masa marsiyya.

To, mene ne rabon mutanen yau a cikin wannan tarihi? Duk wanda ya bi ta Ƙofar Kwaya a birnin Katsina da hantsi zai ga iri biyu na mutane a kan titi guda. Ga mai faci, ga makanike, ga tela, ga mai tura kurar ruwa, kowa gumi yana tsattsafo masa. Ga kuma majiya ƙarfi a zaune a inuwa suna jiran mai babbar riga ya wuce su yi masa maula, ga yara ƙanana da robobi suna bara a bakin motoci. Tarihin Bello yana magana da kowane ɓangare. Saurayin da ya riƙe takardar shaida yana jin ya fi ƙarfin koyon sana'a, ya tuna cewa ɗan Shehu guda, malami kuma jagoran runduna, bai ji kunyar zama a gaban mai sana'a ya koya ba. Uban da ya tura ɗansa karatun allo babu guzuri, ya tuna cewa ciyar da yaro farilla ce a kansa, kuma gidan da ya fi kowane gida hidimar Alƙur'ani a ƙasar nan bai gina karatunsa a kan roƙo ba. Malamin da ya mai da ƙofofin masu mulki wurin zuwansa kullum, ya auna ya gani ko harshensa yana nan da 'yancinsa. Wanda kuma aka danƙa wa amanar dukiyar jama'a, ba a nemi ya bar albashinsa na halas ba, an dai nemi ya tsaya a kansa, ya kuma yi wa masu sana'a abin da Bello ya umurci Umarun Dallaje ya yi musu, domin wa'azin dogaro da kai daga bakin wanda ya cinye kuɗin hanya da na kasuwa izgili ne ga talaka.

Har ila yau, kada a fahimci wannan a matsayin hujjar wulakanta mabukaci. Makaho da gurgu da maraya da tsohuwar da ba ta da mai kula da ita suna da haƙƙi tabbatacce a cikin dukiyar mawadata, kuma ba gori ba ne idan an ba su. Hasali ma, idan masu lafiya suka janye hannunsu daga sadaka, sai ta isa ga waɗanda aka shar'anta ta dominsu.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mahaifinsa da baffansa da sauran magabata na gari. Allah ya wadata Musulmi da halas ɗinsa ga barin haram, ya sanya albarka a cikin sana'ar kowane mai nema, ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai rai. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.